Gidan da Ba Mu Haddace Ba

Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da yayanki da iyalinsa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafata ta ɗan kumbura makon jiya, amma ta sace. Mamanku tana gaishe ku duka.

Tikiti ya iso. Mai ɗinkin da ke ƙasan benenmu ta buga mini shi a takarda, kamar yadda take buga mini wasiƙunki, ita ce kuma za ta ɗauki hoton wannan ta aiko miki. Kin san kunnena da waya, in ban ga bakin mutum yana motsi ba, ban ji shi ba.

Na kai wa likita ranakun. Ya yi ta gunaguni, daga baya ya yarda. Za a yi mini wankin ƙoda ranar Alhamis da sassafe, mu tashi da yamma, mu kwana uku wurinku tunda Litinin hutu ce a can. Ranar Talata da safe dole in kasance a kan kujerar asibiti. Ya ce ko awa ɗaya kada in ƙara.

Na gode da hotunan gidanki da kika aiko. Saura biyu: ƙofar banɗaki daga waje, da inda makunnin fitila yake a ɗakin da za mu kwana. Kada ki yi dariya. Shekara talatin da huɗu na yi ina jera katuna a ɗakin karatu, ba na son shiga wurin da ban san inda kome yake ba.

Sai kuma roƙo. Kada a tara mana jama'a. Mamanku ta tsufa, tafiyar kuma da nisa, kada yara su dame ta da tambayoyi. In akwai tambaya a yi mini. Ki kuma gaya wa yayanki ya aske gemun nan da na gani a hoto kafin mu iso, ko kuwa ya rataya sunansa a wuya don a gane shi. Wasa nake yi. To, ba duka ne wasa ba.

Shekara shida rabon da ta gan ku ido da ido. Allah ya kai mu.

Ni ne mahaifinki.

*

Ranar Laraba

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sauka lafiya, an yi mini wanki jiya a kan lokaci. Lafiyata ƙalau. Gida shiru, na yi barci sosai, har rana ta fito ban sani ba. Kada ku sa damuwata a ranku.

Na gode da hidimar da kuka yi mana. Gidan bakin tafkin nan da kuka kama don hutun yana da kyau, na san don ku faranta mana kuka yi.

Yanzu maganar mamanku. Ranar Litinin a bakin mota yayanki ya ce ta zauna mako biyu likita ya duba ta. Na ce to, domin mota a kunne take, jirgi ba ya jira, kuma ban so in yi jayayya da ɗana a gaban matarsa ba. Na ƙirga, mako biyu zai cika Litinin ta sama. Ki rubuto mini lokacin saukar jirgi, in nemi mota tun da wuri.

Kafin nan, ba ta shan shayi da zafi, sai ya huce. Madubin da ke baranda ki lulluɓe shi da zane, ba ta son sa. A cikin jakar hannunta akwai wani ƙunshi da aka ɗaure da roba. Nawa ne, na manta shi a can. Kada ki buɗe, ki bar shi a inda yake ya dawo tare da ita.

Ina jiran amsa.

Mahaifinki.

*

Ranar Lahadi

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, kwana goma sha ɗaya ina fara rubutu ina gogewa.

Na buɗe ƙunshin. Ka ce kada in buɗe, na buɗe. Kati ɗari da goma sha huɗu, duk da rubutunka, kowanne da lamba a kusurwa. Na bakwai ya ce: "Mai tabarau ita ce Auta, 'yarki ce. Ki ce mata ta rame." Baba, ka tuna a filin jirgi Mama ta kama fuskata ta ce na rame, na fashe da kuka don murna? Ashe kai ka rubuta mata.

Ranar Asabar da safe ta sauko ta tarar da Yaya yana soya ƙwai, ta ja mayafi ta rufe kai ta ce, "Bawan Allah, sannu da aiki. Masu gidan suna nan?" Yaya ya ce, "Haba Mama, gemun ne ko?" Duk muka yi dariya, taka ta fi ta kowa ƙarfi. Ranar Lahadi da la'asar kuma matar Yaya ta samo ta a bakin ruwa, takalmi a hannu, wai za ta ɗauko yara daga makaranta. Yaran nan mu ne. Ni yanzu shekarata arba'in.

Likita ya gan ta sau biyu. Ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ya jima. Tun yaushe, Baba? Duk kiran da muke yi muna ganin Mama tana duban gefe kafin ta amsa, muna cewa hasken waya ne ke damun idonta.

Akwai kati ɗaya da ba shi da lamba. Ya tsufa, gefensa ya yi baƙi don taɓawa. "Na tafi asibiti. Na kulle ƙofa ta waje. Kada ki ji tsoro. Zan dawo ƙarfe biyu. Mijinki." Wannan ban nuna wa Yaya ba tukuna, ka san zuciyarsa.

Mama ba za ta dawo gobe ba. Mun zauna da Yaya, muna so ta zauna wurina. Akwai wata cibiya kusa da mu da ke kula da tsofaffi da rana, da yamma in ɗauko ta. Ana bukatar sa hannunka a matsayin mijinta kafin a ba ta izinin dogon zama. Na aika wa mai ɗinki takardar, wuri huɗu ne.

Ka rubuta cewa gida shiru, ka yi barci har rana ta fito. Wannan layin ne ya sa na yanke shawara. Shekara nawa ka yi ba ka yi irin wannan barcin ba? Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Baba. Ka huta haka, mu ma mu ɗauka.

'Yarka,
Auta.

*

Ranar Litinin

Auta,

Ina gaishe ki. Ba zan ce lafiyata ƙalau ba, tunda na ga da ita ake kama ni. A makarantar da na yi an koya mana cewa da lafiya ake buɗe wasiƙa, ko mutum a kan gadon asibiti yake. Layin barcin nan ki soke shi. Ƙarya ce. Na rubuta don kada ki damu, ke kuma kika ɗauka kika raba ni da matata da shi.

Daga kujerar wanki nake rubutu, hannu ɗaya a ɗaure, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Yau ce ranar da za ta dawo. Na riga na yi magana da mai mota.

Kin tambaya tun yaushe. Shekara biyu da wata biyar. Da sa sukari sau biyu ta fara, har ta kai ta tsaya a tsakiyar falo tana tambayata ta ina ake fita. Ban gaya muku ba domin na san abin da za ku yi, ga shi kuwa kun yi.

Bari in faɗa miki abin da katunan ba su faɗa ba. Wata uku muka yi muna shirin kwana ukun nan. Hotunanki na bi, na ture kujeru gefe, na zana gidanki da alli a ƙasan falonmu. Kullum bayan shayi sai in riƙe hannunta mu shiga ta ƙofar alli. In ce, "Nan ina ne?" Ta ce, "Kicin ɗin Auta." In ce, "Banɗaki fa?" Ta ce, "Ta biyu a dama." Wata rana ta dubi sama ta ce, "Malam, gidan 'yar nan taka ko rufi babu. Anya tana da miji kuwa?" Muka yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ta haddace, Auta. Wallahi ta haddace shi tsaf. Da gidanki kuka kai mu, da ta yi kwana ukunta, ta rungumi jikokinta, ta dawo da mutuncinta.

Sai ga mu a mota, yayanki ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Baba, yau za ku sha mamaki, ba gidan Auta za mu ba." Kun ga ban yi murna ba kuka ce gajiya ce. Gida mai matakala, ƙofa goma sha ɗaya, na ƙirga, duk fenti iri ɗaya. Ranar Asabar ɗin nan na shige banɗaki da fensir ina gyara katuna a kan gwiwata, kina ƙwanƙwasawa kina tambaya ko cikina ne ya ɓaci. A cikin minti goman nan ta sauka ta gamu da yayanki, muka sauko muka tarar tana jan mayafi.

Ban ce laifinku ne ba. Amma macen da kuka gani a can, a gidanta ba haka take ba. A nan ta san inda cokali yake. Tana ba shukokinta ruwa, tana mini faɗa in na bar takalmi a hanya. A nan ta san ni. Ba kullum take kamo sunana ba, amma ta san ni na gidan ne, in na shigo ba ta jan mayafi.

Maganar kulle gaskiya ce. Awa biyar, sau biyu a mako. Ina cire kan gas in sa a aljihu, in kunna mata rediyo, in bar abinci a rufe. Na yi haka ya fi sau ɗari biyu, ba abin da ya taɓa faruwa. Ki nuna wa yayanki katin in kina so, ya zo ya yi mini tsawa a gabana.

Ba zan sa hannu ba. Kin san ba zan iya biyo ta ba, injin nan ya ɗaure ni a garin nan har ranar da Allah zai kwance ni, kuma likita ba ya maganar shekaru da ni, maganar watanni yake yi. In ta zauna can, shekara hamsin da ɗaya ta ƙare ke nan a bakin mota, ba saki, ba mutuwa, ko sallama ta kirki ban yi mata ba. Ce mata na yi zan je in dawo.

Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa kome ba. Yau ina roƙonki. Ki dawo mini da ita. Zan yi duk yadda kika ce, zan bar ƙofa a buɗe, zan rubuto miki kullum. Ki dawo mini da ita, Auta, don Allah.

Mahaifinki.

*

Ranar Laraba

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Na karanta wa Yaya wasiƙarka. Da na zo wurin alli ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da ya yi kusan awa ɗaya a mota. Shi ya zaɓi gidan tafkin, wata biyu yana nema. Ka yafe mana, ba mu sani ba.

Ba zan yi maka dabara ba, ga yadda abin yake. Izinin zaman Mama zai ƙare ƙarshen watan nan. In takardar ba ta iso mana da sa hannunka kafin Juma'ar makon jibi ba, dole ta fita, Yaya zai rako ta. Ba wanda zai tilasta maka. Ko shiru ka yi, za ta dawo.

Ta fara zuwa cibiyar don gwaji. Sun ba ta ninkin tawul, yanzu ita ke koya musu. Jiya ta ce wa shugabar wurin, "Ke, uwarki ba ta nuna miki yadda ake haɗa baki da baki ba?" Na ƙi fassara mata. Tana cin abinci. Wani lokaci takan tsaya a baranda ta rasa hanya, sai in kama hannunta.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Ka ce za ka bar ƙofa a buɗe. To, ta fita ta tafi ina? Ranar Litinin da Alhamis wa zai zauna da ita? Kada ka ce mai ɗinki, na tambaye ta, shagonta ba ya rufuwa. Ka ba ni sunan mutum ɗaya, Baba, ɗaya tak, ni da kaina zan shirya mata jaka.

'Yarka,
Auta.

*

Ranar Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Yau kwana tara ba amsa. Mai ɗinki ta ce kana nan, ba ka dai ba ta takarda ba. Na san fushinka tun ina ƙarama, shiru ne, sai mutum ya gwammace duka.

To, ka yi nasara. Yaya ya yanki tikiti, Asabar ta sama za su taso. Zan sa magungunanta a jaka da bayanin kowanne, da katunanka. Ban yarda ba, amma mijinta ne kai.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san ka ji.

Auta.

*

Ranar Lahadi

Auta,

Ina gaishe ki. Ba ni da lafiya. Ba fushi nake yi ba. Mai ɗinki ni na sa ta rantse kada ta gaya miki, kada ki ga laifinta.

Washegarin ranar da wasiƙarki ta Laraba ta zo, ranar Alhamis, ina kan kujera an yi awa uku ana wanki, sai jinina ya faɗi. Abin da na sani shi ne na ga fitilar rufi tana nisa. Na farka ranar Asabar da rana a wani ɗaki na sama, da rigar asibiti a jikina.

Da na tambayi rana aka gaya mini, sai na lalubi wandona. Har yanzu ina kulle ƙofa ta waje in sa kan gas a aljihu, hannu ya saba. Na fizge robar ƙarin ruwa, na diro daga gado ina ihu a ba ni makulli, matata tana ciki, kwana biyu ke nan, ba ta san yadda ake kiran mutane ba. Nas biyu suka riƙe ni, jini yana bin hannuna. Wani tsoho a gadon kusa yana cewa, "Ku ba shi wandonsa mana! Mutum yana maganar matarsa kuna maganar allura!" Na gan ta, Auta. Na gan ta a bayan ƙofar nan da katin a hannu, tana karantawa tana duban agogo, ƙarfe biyu ya zo ya wuce sau nawa.

Sai babbar nas ta dafa ni ta ce, "Baba, ba kai ka gaya mana ta yi tafiya wurin 'yarku ba?"

Na zauna a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi. Da bakina na faɗa, a gaban mutane, na gode wa Allah da matata ba ta gida.

Da aka sallame ni na tambayi mai ɗinki yaushe ta lura ba na nan. Ta ce sai da asibiti suka kira ta ranar Asabar. Ta ga ƙofa a rufe ta ɗauka ina ciki ina fushi da duniya. Kwana biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Kin nemi suna ɗaya. Na kwanta a gadon nan na bi layinmu gida-gida, na bi dangina da nata, na bi abokan aikina. Wanda bai rasu ba ya tashi, wanda bai tashi ba shi ma riƙe shi ake yi. Ba ni da shi.

Ki ce wa yayanki ya mayar da tikitin. Na sa hannu, wuri huɗun duka. A na ƙarshe biro ya zame, in sun ce bai yi kama da sauran ba ki gaya musu nawa ne. Kada ki rubuto ki ce na yi daidai. Na sani, kuma bai rage mini kome ba. In na ga jirgi ya wuce ta tagar kicin, har yanzu ji nake kamar in aiko a yaga takardar. Ki kai ta gobe da safe, kada ki jira Juma'a, ban amince da kaina ba.

Ranar Juma'a ake yanke mata farce. Ki fara da ƙaramin yatsan hagu, in kika fara da wani za ta janye hannu. Tana da haƙori ɗaya a ƙasa da ke mata ciwo, ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga tana tauna ta gefe guda.

Na lura a wasiƙunki uku ba inda kika ce ta tambaye ni. Ni ma ban tambaya ba. Mu bar shi haka. In tana cigiyata ba zan iya ɗauka ba, in ba ta yi, shi ma haka. Ki dai rubuto mini duk mako abin da ta ci, da wanda ta yi wa faɗa, da manyan haruffa.

Mahaifinki.